Zakin da Ya Tafi Cikin Goro

Zongo, Sokode
Ranar Litinin

Zuwa ga ƙanwata Husseina, a Dapango.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da mutanen gidanki da maƙwabta. Yaya gwiwar taki? Yaya jikana Musaddiq, yana ci yana ƙoshi a hannunki? Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Matata Sayyada tana gaishe ki.

Malam Inusa tela ne yake rubuta mini, kamar kullum. Na ce ya sa magana yadda ta fito daga bakina, kada ya yi mata kwalliya. Ke Baba ya kai lakwal, makarantar boko, ni ya ɗora ni a bayan motar goro, to ki daure ki karanta. Kada kuma ki sake aiko mini da zancen in sayi wayar salula. Maganar da iska take ɗauka kowa ya ji, ba tawa ba ce.

Na ji saƙonki cewa Alhaji Salifou mahauci ya yarda a kai goron nema wa Musaddiq 'yarsa Khairiya ranar Juma'a. Alhamdu lillahi. Ko da yake ni ne na ƙarshen ji, ni da na riƙe yaron nan tun rasuwar ubansa. Ba komai. Na saba.

Na fara gyaran Fijo. Motar da ta kai ki ɗakinki, ta ɗauko uwar Musaddiq, ita za ta ɗauko Khairiya, ko da 'yan zamani za su yi dariya har haƙoransu su zube. To a wajen gyaran ne na ga abin da har yanzu ban huce ba.

Fatar gaban motar, inda sitiyari da agoguna suke, rana ta farfasa ta kamar ƙafar manomi. Na kira Rachid mai ɗinkin kujerun mota ya sa sabuwa. Kafin a sa, dole a cire 'yan tamburan da ke jiki: zakin tsakiyar sitiyari, da rubutun ƙarfe na kat-san-kat, wato 404 lambar motar, da ke kan murfin aljihun gaba, da ɗan ƙaramin zakin da ke saman rediyo. Na juya in tofar da goro ke nan, ina waigowa sai na ga mutumin nan ya zura sukudireba ƙarƙashin zakina, zai ɓamɓare shi kamar mai ɓare rogo! Inna lillahi! Husseina, ban san lokacin da na cafke wuyan hannunsa ba. Wai ce mini ya yi, "Baba, in ya karye ai akwai sabo a Lome, ya ma fi wannan walƙiya." Na ce kai ma akwai irinka a Lome, kuma sun fi ka hankali. Na fitar da shi daga motar, na ce ya zauna gindin mangwaro sai na kira shi.

Ni na cire su da hannuna. Ki ji yadda ake yi, ko kya san yayanki ba banza ba ne. Abin nan ba ya son ƙarfi, kuma ƙarfe ba ya taɓa shi. Kowanne yana da 'yan ƙafafu a baya, sirara kamar tsinken sakace, sun shige rami, tsufa ya busar da su. Ka karya ɗaya, ka gama da shi. Na tura motar cikin hantsi ta sha ɗumi, ba zafin tsakar rana ba. Na narka man kaɗe, na riƙa ɗiga shi gefe-gefe da gashin kaza, na bar shi ya ratsa. Sannan na ɗauko zaren kamun kifi da wani masunci ya ba ni a garin Mango, na zura ta baya ina ja a hankali, dama, hagu, kamar mai yanka sabulu. Inda zare ya cije, ƙafa ce, ba a matsa mata. Na fere ƙahon rago ya yi faɗi kamar farce, na shimfiɗa tsumma don kada ya zana jiki, na ɗaga nan kaɗan, na ɗaga can kaɗan. Na rubutun kuwa sai da na kwance murfin gaba ɗaya na turo ƙafafun ta ciki da babban yatsa. Ƙaramin zakin ne ya ba ni wuya, har jam'in azahar ya wuce ni. Amma duk sun fito lafiya, ko ƙwarzane babu.

Na goge su, na naɗe a auduga da ganyen fita, na sa a ƙasan kwandon goro a ɗakina, yadda Baba yake yi da abin da yake tsoro a kai in za a ratsa daji. Gidan nan cike yake da hannaye, amma ba mai taɓa mini goro.

Goron neman auren na saya, fari tas, manya, babu na jefarwa. Jibi zan ba direban Dapango ya kawo miki. Ku kai shi yadda na ɗaure shi, kada wata ta ce za ta buɗe ta ɗanɗana. Na san halinku.

Ki gai da kowa. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ne yayanki,
Talle


Sokode
Safiyar Juma'a

Husseina,

Salamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya. Gaisuwar ke nan, babu lokacin ja.

Kada a kai goron nan! Kin ji? Ko an ɗora shi a ka an kama hanya, ki aika a dawo da shi!

Jiya da la'asar Rachid ya gama aikinsa, na shiga ɗaki in ɗauko tamburan in mayar. Na zazzage kwandon har ƙasa. Babu. Na sake zazzagewa, na bi ganye ɗaya-ɗaya. Babu. Na fito na shaƙe Rachid, na ja shi har gaban mai unguwa, na ce in bai fito da su ba jandarma ne za su raba mu. Ya rantse, ya yi kuka, uwarsa ta zo ta tsaya ƙofar gidana tana faɗa mini abin da ba zan sa Inusa ya rubuta ba. Na kwana ban ci tuwo ba.

Yau da safe Sayyada tana ba ni koko, sai ta ce, a hankali kamar ba da ni take ba, "Malam, wai kwandon da ka nuna wa direba da sanda, na dama ne ko na hagu?" Kwanduna biyu ne a ɗakin, nawa na ci da na neman aure, iri ɗaya, hannun masaƙi ɗaya. Ita wai ta ga na sa ƙunshin a na auren saboda shi ne a buɗe ranar, sannan na ɗaure bakinsa da kaina. Ƙarya take yi. Wani ne ya sauya musu wuri garin shara. Kuma in ta gani, me ya hana ta magana tun ranar? Wai ta ɗauka na san abin da nake yi, kuma ni na hana ta sa mini baki a sha'anin mota. Ki ji fa! Shekara da shekaru ina cewa ta yi shiru ba ta yi ba, sai ranar da maganarta za ta yi amfani.

Na sa Inusa ya kira lambarki. Wata mata ce take amsawa da Faransanci, ba ke ba. Ga salular da kike yabo.

Ki kwance kwandon ke kaɗai, ki sa hannu can ƙasa, za ki ji ɗan ƙunshi. Kada ki matsa shi, kada ki buɗe, kada ki ba Musaddiq ya sa a aljihun wando ya zauna a kai. Ki sa shi cikin kwano mai murfi, ki kewaye da tsumma. Tsorona gidan mahauta ne: hannu mai maiƙo, yara ko'ina, a ga abu mai ƙyalli a ce wasa ne.

Na ba direban motar farko takardar nan, na ce ko sallah ba zai tsaya yi a Kara ba sai ya sa ta a hannunki. Rachid kuwa na aika masa da goro. Ban ce masa komai ba, goron ya isa magana.

Yayanki,
Talle


Sokode
Ranar Laraba

Zuwa ga ƙanwata Husseina.

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta iyali. Allah ya sa gwiwa ta yi sauƙi. In kin tambayi tawa lafiyar, ina numfashi.

Amsarki ta iso. Na sa Inusa ya karanta, na sa ya sake, na karɓi takardar na kai wa wani ya karanta don na ɗauka Inusa tsokanata yake yi. Magana ɗaya ce.

Kin ce takardata ta same ki bayan an sauko Juma'a, kwando yana zauren Alhaji Salifou, dattawan Zongo sun cika wurin. Kin ce da Salifou ya kai hannu ƙasan kwandon ya ji ƙunshi, ya buɗe, ya ga zaki, sai ya sa hannun riga ya share ido. Ya ɗaga shi sama ya ce wa jama'a, ashe akwai sauran 'ya'yan fatake a duniya, Talle ya ba shi motarsa.

Motata, Husseina! La haula wa la ƙuwwata!

Kuma abin da ya fi ci mini rai, na san al'adar. Ina tsaye Baba ya sa guntun igiyar jaki ƙarƙashin goron auren Kawu, mutanen suka gane jakin aka ba su, ba wanda ya furta. Mai ba da saniya gashin wutsiya yake sawa. Kyautar da ta fi ƙarfin baki, goro ne yake kai ta. Na ɗauka abin ya bi su Baba kabari. Cikin duk mahautan ƙasar Togo, sai na faɗa hannun wanda bai manta ba!

Kin ce liman ya yi mini addu'a da suna. Kin ce har mutanen Nano da suka zo cin kasuwa sun koma da labarin. To nan ma ya iso. Jiya a masallaci wanda bai gaishe ni ba tun shekarar da muka yi rigimar fili, ya kama hannuna da hannu biyu. Uwar Rachid da ta zage ni ta aiko da fura. Alhaji Salifou kuma ya aiko da rago, ga shi can ɗaure a jikin motar yana kallona.

Shawararki na ji ta. Wai in aiko da takarda in ce kuskure ne, mutum ne mai fahimta. Wai Musaddiq ya ce shi zai je ya yi bayani. Ki gaya masa in ya buɗe baki na cire shi daga jikokina. Kin san abin da kike cewa kuwa? Mutum ya yi hawaye gaban dattawa, liman ya shafa fatiha, sannan in ce a dawo mini da abina, mantuwa na yi? Da wane ido Khairiya za ta shigo gidan nan? Duk ranar da aka yi faɗa a rijiya sai a ce mata, ke da aka ba ubanki mota aka ƙwace. Shi kuma Salifou ya zama abin dariyar kwata. Ni kuma a ce tsufa ya kama Talle, bai san damansa da hagunsa ba. Ni!

Amma kuma, Husseina, ke kin san motar nan. Da ita na kai Inna asibiti, a kujerar baya ta cika, kanta bisa cinyarki. Ban taɓa kwana ban leƙa ta ba. Ban da ita me nake da shi da ba a raba ni da shi ba? Gonar Pagala kun sayar kun ce ba na nomawa. Rumfar Baba ta kasuwa an ba ɗan Kawu. Yanzu in shiga motar, gabanta sabo fes, ga ramukan tamburan nan a buɗe kamar bakin da aka cire wa haƙora. Ba na iya daɗewa a ciki.

Inusa ya ajiye alƙalami wai yana tari. Dariya yake yi. Na sa shi ya dafa Alƙur'ani cewa maganar nan ba za ta fita ba, ke ma ki riƙe bakinki.

Zan zo da kaina ranar sa rana, da motar. Zan keɓe da Salifou, namiji da namiji. Akwai yadda ake juya magana ba tare da an ce an yi kuskure ba. Zan ce na aiko su ne a sa musu albarka, ko wani abu mai kama da haka, zan yi tunani a hanya. Kafin nan ki je ki ce masa kada wanda ya taɓa ƙunshin, mai shi ne kaɗai ya san yadda ake mayarwa.

Wassalam.

Yayanki,
Talle


Sokode
Ranar Asabar

Zuwa ga ƙanwata Husseina.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata gajiyar baƙi ta sake ki. Na gode da masauki, ko da yake miyar ta yi gishiri. Na iso gida lafiya. Kin yi ta tambayata a tasha me ya faru tsakanina da Salifou, na ce ki bar ni. To ga shi, tunda kina cikin gida wajen mata ba ki gani ba, kuma gara ki ji daga bakina.

Motar ta yi tafiyar da ba ta taɓa yi ba. Ta ratsa dutsen Alejo ko tari babu, ta hau tudun Defale tana wuce manyan motoci. A gadar Mango na tsaya na ba ta ruwa, na zauna a inuwarta na shirya maganata tsaf, har da inda zan yi murmushi.

Kin ga yadda aka tare ni. Ban san Dapango tana da mutane haka ba. Bayan an sa rana an watse, Salifou ya kawo ƙunshin cikin kwano, ya ce in mayar da su da hannuna. Gaskiya ɗaya zan faɗa, bai bari kowa ya taɓa ba, audugar ma ya mayar da ita yadda na naɗe ta. Na shiga motar, shi ya zauna a gefena. Na share ramukan da tsinke da auduga, na daidaita kowace ƙafa da raminta, na danna da tafin hannu ta kan tsumma, a hankali, har na ji ɗan ƙas ɗin nan. Rubutun ya zauna. Ƙaramin zakin ya zauna. Ina riƙe da babban, na buɗe baki zan fara abin da na shirya a Mango, sai ya riga ni.

Ya ɗaga gilashi, ya rage murya, ya ce, "Yaya Talle, na san komai. Musaddiq ya zo mini da kuka tun washegarin ranar da aka kawo goro. Kwando ne ya rikice maka, tsufa ne, kowa zai je. Ni ko tuƙi ban iya ba. Ka ce mini kuskure ne kawai, nan tsakaninmu, ni na san abin da zan gaya wa mutane. Ka koma da abarka."

Husseina, ya buɗe mini ƙofa har bango. Kalma ɗaya ce. Ga makulli a aljihuna, ga mai a tanki, ga hanyar Sokode a miƙe.

Amma tsufa? Kwando ya rikice mini? Mahauci, wanda ina tuƙi zuwa Kumasi yana tsotson yatsa, shi zai dafa kafaɗata ya ce kowa zai je? Na ji bakina yana cewa, Alhaji, wa ya ce maka ni ina kuskure? Yaro ne bai san al'ada ba. Da gangan na sa, da hannuna na ɗaure, kuma irinmu ba ma lashe abin da muka tofar. Na danna zakin a sitiyari, na zaro makulli, na kama hannunsa na sa masa a ciki na dunƙule. Ya ce, "Yaya, ka yi tunani." Na ce in ya ƙara magana ya zage ni. Ya bi ni har bakin titi yana roƙo, ni kuwa ina gaba kamar wanda ya ci kasuwa.

Sai da motar haya ta wuce Mango, an matse ni a kujerar baya tsakanin wata mai buhun albasa da wani mai kaji, sannan na ji abin da na aikata. Na ce Inna lillahi da ƙarfi har direba ya taka birki ya ɗauka wani ya faɗi. Ban taɓa ganin hanyar nan ta tagar gefe ba sai ranar. Ashe haka take da tsawo.

Kada ki ce komai. Na san abin da za ki ce, Sayyada ta riga ki, kuma da na ce ta yi shiru ba ta yi ba. Laifin Musaddiq ne. Da bai je ya kwance mini zani a kasuwa ba, da na juya maganar yadda na shirya, kowa ya tashi da mutuncinsa. Ki gaya masa ban cire shi ba, saboda yarinyar, na ga tana da kunya kuma ta durƙusa har ƙasa. Amma kada ya zo mini gaisuwa da wuri. Salifou ya aiko wai ranar ɗaukar amarya ni zan tuƙa. Kin ji inda na koma, aron motata a hannun mahauci.

Rumfar motar tana nan. Ragon nan na ɗaure a ciki don kada ta zauna haka. Da safe ƙafata takan kai ni wurin da tsumma a hannu kafin in tuna.

Yanzu ga abin da nake so ki yi mini. Ki riƙa bi ta ƙofar gidansu in za ki kasuwa. Ki duba ko a inuwa take. Ki gaya wa Khairiya, ba uban ba, cewa zakin ba a wanke shi da sabulu, busasshen tsumma ne kawai, kuma ba a murza shi da yatsa. Ya rantse mini ba zai ɗauki nama a ciki ba, amma mahauci mahauci ne. In kin samu ba kowa, ki buɗe ƙofar baya ki sunkuya ki sansana kujerar, inda Inna ta kwanta. Abin da hancinki ya ji ki rubuto mini, kada ki rage.

Kada ki ce ni na aiko ki.

Ki gai da mutanen gida. Allah ya bar zumunci.

Ni ne yayanki,
Talle